Dabo Birkila da Tsayin Allo

Dabo birkila yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya san shi ya san shi da ita. In ya shiga ajin makaranta, ko aiki ne ya kai shi ko wucewa yake yi, da ya gama sallama ba ya neman wurin zama, ba ya duban rufi. Allo yake nufa, ya ɗora tafin hannunsa ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai taya bijimi a kasuwa. Sai ya dubi hannun, ya karkaɗe, ya ce, "Ya gaji," ko kuwa ya ce, "Bai gaji ba." Iyakar maganarsa ke nan, ba ya ƙari.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sundimina. Dogo ne ƙwarai, irin wanda sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansa. Tun yana saurayi ya koyi gini a hannun wani kawunsa a Basirka, lokacin ana yi da jar ƙasa, da siminti ya yawaita kuma ya bi shi. Ya gina ɗakuna da shaguna ba iyaka, amma abin da ya fitar da sunansa allon makaranta ne, irin na siminti da ake shafawa a jikin bango. Yakan tankaɗe yashi ya sake tankaɗewa, ya shafa, ya bi da cokali har ya yi laushi, amma ba santsin da alli zai zame ba. In ya bushe sai ya daka gawayi, ya haɗa da baƙin garin nan na tsohon batir, ya kwaɓa da ƙaro, ya shafe shi. Daga Surko har cikin ƙasar Gwaram hedimastoci suna aiko masa, ya ɗaure kayansa a bayan babur ya tafi.

Shi kansa bai yi boko ba. Karatun Alƙur'ani ya yi, yana kuma warware ajami. Amma mutumin da ya shafa alluna da yawa dole ya yi wani ra'ayi a kansu, shi ma ya yi nasa. Allon da ake koyarwa a kansa koɗewa yake yi, ya yi fari-fari kamar gemun dattijo. Wanda ba a wahalar da shi kuwa yana nan baƙi ƙirin har shekara ta zagayo. Abin da "ya gaji" da "bai gaji ba" suke nufi ke nan, mutane kuma sun gane.

Ƙauyen nasu yana tsakanin firamare biyu, duka na gwamnati. Ɗaya ana ce mata ta Bakin Kwalta, babba ce, tana da fenti da tuta da yara cike da kowane aji. Ɗayar ana ce mata ta Tsallake, domin sai an ƙetare rafi ake zuwa, ɗakuna biyu ne da inuwar wani marke, yawancin yaranta kuma 'ya'yan masu shanu ne da suka zauna a tudun can tun zamanin kakanni. Duk shekara in sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, teburin Yunusa mai shayi ba ya da wata hira sai wannan. Bakin Kwalta ba ta rasa waɗanda suka samu makarantar kwana. Tsallake kuwa wata shekara ɗaya, wata shekara shiru.

Wata safiya ana cikin wannan hira, Yunusa yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce, "Ga wanda zai raba mana gardama. Dogo, kai ka yi allunan duka biyun. Yaya ka same su?"

Dabo ya kurɓi shayinsa. Can ya ce, "Na Malam Hadi na Bakin Kwalta ba ya kai damina sai na sake shafa masa baƙi."

"Na Tsallake fa?"

"Bai gaji ba."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai dama malamar can kiwon yara take yi, ba koyarwa ba. Dabo bai ce haka ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Maganar dai ta tashi daga teburin ta shiga gidaje, kuma a zangon da ya biyo baya wasu iyaye da ke tura yaransu ƙetare suka dawo da su bakin titi.

A gidan Dabo akwai yarinya ɗaya, jikarsa Munawwara, 'yar babban ɗansa Isma'ila, wanda yake ɗinki a Dutse. Tun da aka kawo ta yaye ba ta koma ba. Matar Dabo, Hapsatu, ta riƙe ta, 'ya'yansu kuma duk sun watse, gidan ya zama daga tsofaffi biyu sai ita sai awaki. Ita take cika shi da surutu. Ita take ɓoye wa Dabo hula in zai fita, ta ce sai ya biya ta da gyaɗa. Da ta isa shiga makaranta babu wanda ya tsaya shawara. Dabo ya kama hannunta ya kai ta Bakin Kwalta, inda allo yake gajiya.

Ta yi aji ɗaya, ta yi aji biyu, ta shiga aji uku wurin Malam Hadi. Kullum takan dawo da yatsu duk tawada, ta zauna a gindin turmi tana rubutu, harafi bayan harafi, a miƙe kamar shukar igiya. Dabo yakan leƙa ta saman kanta ya gyaɗa kai. Bai san abin da aka rubuta ba, amma ya san aiki mai kyau in ya gan shi.

Da ƙaramar sallah Isma'ila ya zo gaisuwa a kan babur ɗinsa. Bayan an ci abinci suna zaune a ƙofar gida, shi da mahaifinsa, yarinyar tana zagaya babur ɗin tana taɓa madubi. A jikin robar da ke tare taɓo a baya akwai rubutu da farin fenti.

Isma'ila ya ce, "'Yar boko, zo ki karanta mana abin da aka rubuta a nan."

Ta durƙusa ta duba. Sai ta ɗauki tsinke ta share ƙasa da hannu, ta shiga rubutawa. Ta kwafe shi tsaf, har da 'yar lanƙwasar da mai fentin ya yi wa harafin ƙarshe.

"Madalla. To me ya ce?"

Ta dubi ƙasa, ta dubi kakanta.

"Faɗi mana, ai ke kika rubuta."

"Malam bai faɗa mana wannan ba tukuna."

Isma'ila ya nuna harafin farko da yatsa. Ta san sunansa. Ya nuna na biyu, ta san shi. Ya ce ta haɗa su, ta kasa, idonta ya cika. Abin da ke jikin robar bai wuce "Allah ya kiyaye hanya" ba.

Ya sallame ta ta shiga gida, sannan ya sassauta murya. "Baba, shekararta ta uku ke nan. Ƙanenta da ke wurinmu bai kai ta ba, yana karanta allon shaguna. Ni ba na so in yi abin da zai ɓata muku, amma in haka ne gara ta dawo Dutse."

Dabo yana kallon rubutun da ke ƙasa. "Hannunta yana da kyau," in ji shi.

"Yana da kyau, Baba. Zane take yi."

Hapsatu tana bayan danga tana jin su. Ba ta kama sunan ɗan fari, don haka da mijinta ta yi magana. "Malam, ka ce wa yaron nan ya bari a cire amfanin gona. Ba a ɗauke yarinya da rani haka kamar an zo karɓar bashi."

Isma'ila ya sunkuyar da kai. "Shi ke nan, Inna. In an gama kaka zan dawo. In tana karatu, tana nan. In ba ta yi, ku yi haƙuri ku ba ni ita."

Bayan tafiyarsa gidan ya yi sanyi. Munawwara ta daina ɓoye hula. Dabo ya rasa inda kuskuren yake, domin ya sake zuwa Bakin Kwalta ya shafa allon aji uku, ya same shi fari fat, ya gaji iyakar gajiya. Malam Hadi yana tsaye yana rubutu tun daga sama har inda hannunsa ya kai, rigarsa duk alli, yara cike da ɗaki har bakin ƙofa kowa ya duƙufa yana kwafa. Ba wanda zai ga wannan ya ce ba a aiki.

Ana haka sai saƙo ya zo daga Tsallake, wai allonsu yana zubewa, a taimaka. Dabo ya yi mamaki, allon da ba a taɓawa me zai zubar da shi? Ya dai ɗauki cokali da kwano da ɗan siminti ya ƙetara, lokacin rafin yashi ne zalla.

Malamar da ke riƙe da ƙananan azuzuwa sunanta Rukayya, mutuniyar Gwaram ce, aure ya kawo ta. Gajeriya ce, mai yawan fara'a. Ta tarbe shi a bakin ɗaki, yara sun fita hutun tara.

"Sannu da zuwa, Baba. An ce kai ne ka ce allona bai gaji ba."

Dabo ya ɗan ji nauyi. "Abin da hannuna ya gaya mini na faɗa."

"To bismilla, a sake tambayarsa."

Ya shiga ya shafa kamar yadda ya saba, daidai ƙirjinsa, daga gefe zuwa gefe. Baƙi ne sumul, kamar jiya ya yi shi. Bai ce komai ba, don kada ya maimaita abin da ya riga ya jawo magana. Kwanakin nan bayansa yana damunsa, tafiyar kuma ta taɓa shi, sai ya ga wani bulo a gindin allon ya zauna a kai don ya huta kafin ya kwaɓa siminti.

Da ya zauna, idonsa ya zo daidai ƙasan allon. Nan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Daga kamar tsayin cibiyarsa zuwa ƙasa babu sauran baƙi ko kaɗan. An cinye shi har simintin ya fito, simintin ma ya lotsa wuri-wuri, bakin allon na ƙasa ya gutsuttsure. A ƙarƙashinsa kuma, jikin bangon da ba allo ba, duk sawun 'yan yatsu ne da guntayen haruffa, wasu a karkace, wasu a juye.

Ya kai hannu ya shafa wurin a hankali. Ya daɗe yana shafawa.

"Wa yake rubutu a nan?"

"Masu allon," in ji Malama Rukayya. "Bulon da kake kai ma nasu ne, ƙananan ke hawa."

"Ke fa?"

"Ni kalma ɗaya nake sawa a sama, wani lokaci biyu. Ka ga tsawona, ko na so ba zan cika shi ba." Ta yi dariya. "Hannunka ba ƙarya ya yi ba, Baba. Tsawo ne ya yi masa yawa."

Ba a yi gyara a ranar ba, domin yara sun dawo, Dabo kuma ya ce a bar shi ya zauna a baya. Ya ga ta rubuta "ra" a sama, ta ce wa zai kawo mata kalmar da ta fara da haka. Wani yaro mai sanda a gefensa ya ce rago, wata ta ce rafi, wani ya ce raƙumi aka yi ta dariya don ya ce shi zai rubuta kuma ya maƙale a tsakiya. Kowa ya faɗi tasa sai ya fito ya rubuta da hannunsa, ya karanta da bakinsa, 'yan'uwansa su ce daidai ne ko a gyara. Alli guntu-guntu ne, ana miƙa wa juna. Waɗanda ba su samu wuri ba suna durƙushe suna yi a ƙasa da yatsa. Ɗakin akwai hayaniya, ba kamar na Malam Hadi ba. Amma Dabo ya lura kafin a tashi babu yaron da bai ji muryarsa ba.

Da aka tashi ya tambaye ta, "To me ya sa ba ku cin jarrabawa kamar su?"

Ba ta ji haushi ba. "Suna da yara masu ƙoƙari, Baba, ba zan hana su ba. Mu namu in sun kai aji biyar rabi sun bi shanu, wasu sai bayan wata biyu mu gan su. Ga Turanci yana ba mu wuya, littattafai babu. Ni dai abin da na ɗaukar wa kaina, duk wanda ya zauna mini shekara ɗaya, ko gobe ya tafi, ya tafi yana karanta sunansa da abin da aka aiko masa a waya."

Washegari ya dawo ya yi gyaran. Bai tsaya a toshe inda ya zube ba. Ya kira mafi ƙanƙanta a ajin, ya ce ta tsaya ta miƙa hannu, ya ja layi. Ya sauko da allon har kusa da ƙasa, yadda ba mai sake hawa bulo.

A gida ya gaya wa Hapsatu abin da ya yanke. Tana tankaɗe ta ajiye rariya.

"Tsallake? Malam, kai da bakinka ka ce ba a komai a can. Mutane sun kwashe 'ya'yansu saboda maganarka, yanzu kai za ka kai taka?"

"Zan kai ta."

"Za a yi da kai a teburin Yunusa."

"Za a yi."

"In ruwa ya sauka fa? Rafin nan ka san shi."

Dabo ya dubi ƙafafunsa da ya miƙe a kan tabarma. "Tsawon nan ya yi mini ɓarna a wuri ɗaya. Bari mu ga ko zai yi amfani a wani."

Ta dube shi, ta ɗauki rariyarta. "Ni dai kada a raba ni da yarinyar nan. Ko a kan bishiya ake karatun, ka kai ta."

An kuwa yi da shi. Yunusa ya ce Dogo zai koya wa jikarsa tatsar nono. Dabo ya kurɓi shayinsa ya ce, "Na koma na sake shafawa. Ya gaji. A ƙasa ya gaji." Ba kowa ya gane ba, shi kuma bai yi bayani ba. Maganar farko ta fi wannan saurin tafiya, kamar yadda aka saba.

Makon farko Munawwara ta dawo tana kuka. Malama Rukayya ta zaunar da ita tare da ƙanana, ita da take da rubutu mafi kyau a makarantar. Ta ce ba za ta koma ba, yaran suna warin nono, kuma wata mai suna Batulu ta yi mata dariya don ta kasa karanta "tasa". Dabo ya ce to ta bari gobe ta rama. Ba ta rama washegari ba, amma ba a daɗe ba ita da Batulun suka zama ba a ganin ɗaya sai da ɗaya.

Damina ta sauka, rafi ya kawo. Da safe Dabo yakan naɗe wando, ya ɗora ta a wuya, takalmanta a hannunta, ya ratsa ruwan yana dogara sanda. In ya sauke ta sai ya tarar da wasu yaran na wannan gefe suna jira, ya koma ya ɗauko su. Ranar da ruwan ya fi ƙarfinsa kowa ya zauna a gida. Tana bisa wuyansa take yi masa karatu, tana haɗa baƙi da wasali da ƙarfi a saman kansa, tana dukan hularsa in ta samu.

"Tsoho, ka san yadda ake rubuta Dabo?"

"Ban sani ba."

"Da, bo. Sunanka ma gajere ne, duk tsawonka a banza."

"To ki riƙe da kyau, kada gajeren suna ya zubar da ke a ruwa."

Da aka yi dogon hutu bai bar abin ya huce ba. Ya shafa mata ɗan allo a jikin bangon rumbu, daidai tsayinta. Ita da Batulu suka mayar da awakin gidan 'yan aji.

Aka yanke gero, aka kai dawa gida, aka fara roron wake. Wata Juma'a da hantsi sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Hapsatu ta kasa zama, ta shiga ɗaki ta fito ba ta ɗauko komai ba. Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarma, Isma'ila ya kira 'yarsa.

Tun kafin ya yi magana ta nuna robar babur ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya yi murmushi. "Wannan kin ji na faɗa wancan zuwan. Tsaya."

Ya share ƙasa, ya ɗauki tsinke ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya ja da baya. Munawwara ta durƙusa. Ta sa yatsa a ƙarƙashin harafin farko, leɓɓanta suna motsi.

"Ki... ha... haɗa... ka-yan-ki..." Ta tsaya ta ja numfashi. "Mu... ta-fi... Du... Dutse."

Sai da ta kai ƙarshe sannan ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta ɗaga kai ta dubi ubanta, ta dubi kakanta, wanda ya kawar da fuska yana kallon rumbu. Ta karɓi tsinken daga hannun uban, ta share wuri a ƙarƙashin rubutunsa, ta rubuta da kyakkyawan hannun nan nata, a hankali, tana faɗar kowace gaɓa a ƙasan maƙoshi. Isma'ila ya sunkuya ya karanta a fili: "Ba ni zuwa sai da hutu."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Daga bayan danga aka ji Hapsatu tana cewa, "Malam, ka tambayi yaron nan ko zai ci ɗanwake kafin ya kama hanya." Da yamma babur ya tashi da mutum ɗaya da ƙunshin wake a baya.

Wani zai ce nan aikin Dabo ya ƙare. Amma ya ci gaba da wucewa ta Bakin Kwalta, yana jin shirun ajin nan. Wata rana bayan an tashi ya shiga ya sami Malam Hadi yana karkaɗe riga. Suka gaisa. Dabo ya shafa allon daidai ƙirjinsa, sannan ya dafa gwiwa ya sunkuya ya shafa ƙasan. Baƙi ne sumul.

Malam Hadi ya gane. Ya ce, "Na ji labarin jikarka, Baba, na kuma yi murna. Kada ka ɗauka ban sani ba. Na layin gaba suna karatu, su ne suke fitar da mu kunya a jarrabawa. Na baya kuwa, wallahi akwai waɗanda ban san muryarsu ba. In na ce kowa ya fito allo, yara sun haura tamanin, yaushe za a gama? In ban cika allo ba kuma a ce ban koyar ba."

Dabo ya juya yana duban ɗakin. "Bango nawa gare ka?"

"Huɗu mana."

"Ɗaya kake amfani da shi."

Malam Hadi ya bi bangon da kallo. Can ya ce, "Sai na gaya wa hedimasta."

Hedimasta bai hana ba. Siminti ne babu, sai Dabo ya riƙa roƙon ragowa a duk inda ya yi gini, wannan ya ba shi rabin kwano, wancan ya ce ya kwashe abin da ya saura a buhu. In ya taru sai ya zo ranar Asabar ya shafa, allo siriri mai bin bango daga gwiwar yaro zuwa inda hannunsa ya kai. Ya gama bangon gabas, ya yi ƙasan babban allo, ya zagayo na yamma a tsakanin tagogi. Malam Hadi ya raba yaran kashi-kashi, na layin gaba suna duba na baya. Ajin ya koma hayaniya, har wani uba ya zo ya tambaya ko lafiya. Wata Asabar Malama Rukayya ta ƙetaro ta ga aikin, suka daɗe suna magana da Malam Hadi a kan yadda ake sa yaro ya buɗe baki.

A teburin Yunusa har yanzu ba a raba gardamar ba. Bakin Kwalta tana nan tana tura yara makarantar kwana. Tsallake ta samu biyu a shekarar da su Munawwara suka fita, ita da wani ɗan masu shanu, waɗanda suka kwashe 'ya'yansu kuma wasu sun mayar. In aka ce wacce ta fi, sai wani ya ce a sama ko a ƙasa, a yi dariya. Iyaye dai sun koyi wani abu, in yaro ya kawo littafi cike da rubutu sukan sa yatsa a kan kalma ɗaya su ce ya faɗa.

Dabo bai ga wannan duka ba. Ciwon bayan ya kwantar da shi tun kafin ya kai ga bango na huɗu, na can baya, inda waɗanda ba a san muryarsu ba suke zama. Ya yi jinya a asibiti a Birnin Kudu, aka dawo da shi gida, Munawwara tana karanta wa Hapsatu yadda za a ba shi magani. Allah ya karɓi abinsa ana gab da shuka.

Asabar ta ƙarshe da ya je, ya riga ya sassare bangon da bakin cokali don siminti ya kama. Ya sa an kira masa mafi ƙanƙanta a ajin ya miƙa hannu, ya ja layi da gawayi daga kusurwa zuwa kusurwa. Cokalin da kwanon suna ofishin hedimasta, inda ya ajiye su ya ce sai mako mai zuwa. Da aka zo yi wa makarantar fenti, Malam Hadi ya tsaya a gaban bangon ya ce a tsallake wannan. Layin yana nan, in ya dushe malamin yakan bi shi da gawayi. Yaran baya kuma ba su jira siminti ba, suna rubutu a ƙarƙashinsa, a kan bangon yadda yake.